Ba Kowa a Kaina

Ƙafafun Hanifa suna cikin ruwan da ke bin magudanar lambu, sanyinsa yana ratsa ta har tsakiyar kai. Inuwar mangwaro ta rufe ta ruf. Babu ƙarar janareto, babu hon ɗin 'yan kabu-kabu, babu mai kiran sunanta. Sai kukan kurciya, sai motsin Inna Laure, tsohuwar da ke da lambun, tana cire ciyawa a tsakanin albasa.

"Ɗiyata, tashi ki tahi gida," in ji tsohuwar. "Kada magariba ta iske ki nan bakin fadama."

Hanifa ta yi miƙa, ta janye ƙafafunta daga ruwan ba don ta so ba. Ta ɗauko wayarta daga jaka ta kunna. Ko gama haske wayar ba ta yi ba kira ya shigo.

Abdulƙudus ne, saurayin da aka riga aka karɓi kayan gaisuwarsa, sa rana kawai ake jira.

"Kina ina?"

Ba sallama, ba tambayar gajiya.

"Ina lambun da na gaya maka. Lafiya?"



"Ki koma gida yanzu," ya ce. "Ga ni nan tahe. Hanifa, magana ta ɓaci a gidanmu can Argungu."

Hanifa ma'aikaciya ce a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Birnin Kebbi. Ita ke gabatar da gaishe-gaishen safe, ita ke karanta labaran rana, da yamma kuma ta yi shirin mata. Duk wanda bai zo aiki ba, ita ake kira ta maye gurbinsa, don an san ba ta iya cewa a'a. Iyayenta suna Ambursa, saboda haka take zaune gidan ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Kulsumi, a Nasarawa. Gidan yana jikin injin niƙa, gabansa masu walda. Ga zafin bazara, ga rashin wuta. Ta daɗe ba ta san barci mai daɗi ba, abinci kuwa sai a tsaye, wani lokacin sai la'asar take tuna ba ta karya ba.

Sai ranar da abin ya same ta.

Tana tsakiyar karanta labarai ta ji ƙirjinta ya ɗaure kamar an ɗora mata buhun shinkafa. Rubutun ya rinƙa rawa a gabanta. Ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Abin magana kuwa a buɗe yake. Duk wanda ya kunna rediyo ranar, daga Birnin Kebbi har ƙauyukan bakin Rima, ya ji numfashinta yana sarƙewa, ya ji ta ce, "Wayyo Allah, zan mutu," ya ji faɗuwar kujera.

A asibiti aka gwada zuciyarta, aka gwada jini, ba a ga komai ba. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta zaunar da ita ta ce gajiya ce ta taru da fargaba har jiki ya gaza. Ta ba ta magani kaɗan, ta ce babban maganin yana hannunta. Ta rage aiki, ta ci abinci a zaune, ta samu wuri mai shiru ta rinƙa zuwa tana hutawa, waya a kashe.

A Birnin Kebbi ina za ta ga shiru? Sai da wata abokiyar aikinta ta kai ta lambun kakarta a bakin fadama ta wajen Dukku. Tun daga nan, in ta tashi aiki, can take wucewa. Ta yi la'asar a kan tabarma, ta sha furar da Inna Laure ke dama mata, wani lokaci ta yi ɗan barci, wani lokaci tsohuwar ta ƙunsa mata lalle. A hankali ta fara jin ta dawo mutum.

Da ta isa gida ta tarar da motar Abdulƙudus a ƙofa. Yana zaune a dakalin zaure, hularsa a hannu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi hawa.

"Hajiyarmu ta ce a dakata da maganar sa rana."

Hanifa ta dafa bango ta zauna a hankali.

"Saboda me?"

"Kin san tun ranar da anka ji ki a rediyo hankalinta bai kwanta ba. Na yi ta lallaɓa ta, na ce gajiya ce, har ta fara saukowa. To jiya wani ya kai mata labari, wai kullum da maraice kina zuwa bakin ruwa ke kaɗai. Wai kina sa ƙafa cikin ruwa kina rufe ido, kina magana da abin da ba a gani."

"Tasbihi nake yi!"

"Na sani."

"Ka sani? To ka gaya mata?"

"Na gaya mata. Ta ce 'yan ruwa ne sunka kama ki, kuma su ke kiranki can. Ta ce ba ta haɗa zuri'arta da mai iska."

Hawaye suka zubo wa Hanifa tun kafin ta san sun taru.

"Abdul, kai fa ka kai ni asibitin nan da kanka. A gabanka likita ta yi bayani. Wurin nan da nake zuwa shi kaɗai ne inda nake samun numfashi a duk garin nan. Tun da na fara zuwa abin bai sake kayar da ni ba. Shi ne yanzu ya zama laifi?"

"Ba laifi ba ne a wurina."

"A wurin wa zan zauna in an yi auren? Ba a wurinka ba?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hular. Shi ma idanunsa sun kaɗa.

"Ta ce in kai ki gobe ta gan ki da idonta. Magana kawai za ku yi. In ta gan ki lahiya lau, kina gaisuwa, kina amsa magana, wallahi na san za ta sauko. Hajiya ba mugunta gare ta ba, tsoro take ji."

"Ni ma tsoro nake ji."

"Ina tare da ke. Ba inda zan matsa."

Ta ɗago jajayen idanunta ta dube shi.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Bayan ya tafi, ta shiga gida ta tarar da Mansur, babban ɗan Gwaggo Kulsumi, a tsakar gida yana wanke hannu. Mai shagon sayar da wayoyi ne, yana da mota, yana da baki. Tun zuwanta gidan yake nuna yana sonta, tun tana kaucewa cikin raha har ta fito ta gaya masa ita wa ta ɗauke shi.

"Amarya, kuka kuma?" ya ce yana murmushi. "Ko mutanen Argungu sun fara nuna hali?"

Ta wuce shi ta nufi ɗaki. Gwaggo Kulsumi da ke kan kujera tana tsinke zogale ta ce, "Ke dai kin ƙi jin magana. Ga naki a gida wanda yas san ciwonki bai guje ki ba, kin tahi kina bin waɗanda za su auna ki awa shinkafar kasuwa."

Hanifa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Injin niƙa yana ta ruri ta bayan bango. Ta kwanta ta rungume filo, ƙirjinta yana bugawa, tana roƙon Allah abu ɗaya kawai, kada abin ya zo mata gobe.

Da hantsi suka kama hanyar Argungu. Ta sa doguwar riga mai ruwan toka da babban hijabi, ba ta ko sa janbaki ba. Tun da suka fita gari take murza yatsunta. Abdulƙudus yana ta ƙoƙarin ba ta dariya da labarin injin casar shinkafar da yake kula da shi, wai ya fi jariri rigima. Ta yi murmushi don kada ya ji ba daɗi.

Gidansu babba ne, irin na dā, mai zaure da soraye. Ƙanwarsa Ɗayyaba ce ta tarbe su. Ta rungume Hanifa, amma ta kasa haɗa ido da ita. Hannun yarinyar sanyi ƙalau, cikin wannan zafi.

Hajiya Balaraba tana zaune a kan darduma a falonta, doguwa, siririya, carbi a hannu. Hanifa ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Hajiya ta daɗe tana kallonta, daga fuska har zuwa lallen ƙafarta. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Abdulƙudus, tashi ka tahi gidan Bappanka ka ɗauko mini maganin hawan jinina. Jiya can nib baro shi."

"Hajiya, bari in aiki Ɗayyaba."

"Kai nic ce."

Ya dubi Hanifa. Ta dube shi, idanunta suna roƙonsa. Ya motsa baki alamar yanzu zai dawo, ya tashi ya fita. Ta ji tashin motarsa, ta ji ƙararta tana nisa har ta ɓace.

"Taso," in ji Hajiya. "Mu shiga ciki."

Ɗakin da aka kai ta ƙarami ne, a can ƙuryar gida. Tagarsa ɗaya, an toshe ta da tsumma. Da ta sa ƙafa ta ga mutum zaune a kan buzu, ƙato, da jan rawani, ga kaskon wuta a gabansa, ga wata dorina a gefen gwiwarsa. Mata biyu majiya ƙarfi suna tsaye a jikin bango.

Hanifa ta ja da baya. Ta ji an turo ƙofa an sa sakata.

"Wanga shi na Dankure," in ji Hajiya. "Ya daɗe yana aikin masu iska. Ki kwantar da hankalinki, taimakonki za a yi."

"Hajiya, don girman Allah, ni ba ni da iska. Likita ta duba ni. In addu'a ce a kira malami ya yi mini karatu a tsakar gida, wallahi zan zauna. Amma kada a rufe ni."

"Kun ji ko?" Dankure ya ce da wata murya mai kauri. "Haka suke cewa duka. Ba ita ka magana ba. Ku zaunar da ita."

Matan suka kama kafaɗunta suka danna ta ƙasa. Ya buɗe wani ƙullin leda ya watsa garin cikin wuta. Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, mai yaji. Warin barkono ne da wani abu kamar ƙonannen gashi. Nan take idanunta suka cika da ruwa, maƙogwaronta ya kama wuta.

Sai ta ji shi yana tahowa, abin da ta kwana tana roƙon kada ya zo. Yatsunta suka fara sanƙarewa. Ƙirjinta ya ɗaure. Zuciyarta ta rinƙa dukan haƙarƙarinta kamar za ta fasa ta fito. Ta ja numfashi, hayaƙi ta shaƙa. Ta sake ja, hayaƙi.

"Ku buɗe... ku buɗe taga..."

"Ya iso," in ji Dankure. Ya ɗauki dorinar ya miƙe tsaye. "Kai wane ne? Daga wane gulbi kah hito? Mi kake nema ga yarinyar ga?"

Jikinta yana karkarwa ko'ina. Ta ga bangon ɗakin yana matsowa. Ta tabbata a nan za ta mutu, a gidan mutane, iyayenta ba su ma san ta zo ba. Ta tuna mahaifiyarta a Ambursa, wataƙila yanzu tana shanya shinkafa hankalinta kwance.

Dorinar ta sauka a bayanta.

Ihun da ta yi ya sa har matan suka sassauta riƙo. Hajiya Balaraba ta runtse ido, tana tari ita ma.

"Faɗi sunanka!"

Hanifa ta dafa ƙasa da hannu biyu. Ta kai fuskarta kusa da daɓe inda hayaƙin bai yi kauri ba, ta ja iska kaɗan ta hanci, ta sake ta a hankali yadda likita ta koya mata. Ta sake yi. Muryarta ta dawo, siririya, tana rawa. Ba Dankure ta kalla ba, Hajiya ta kalla.

"Sunana Hanifa. 'Yar Malam Maliki na Ambursa. Hajiya, ni ce. Ba kowa a kaina. Tsoro nake ji, kuma ba na iya numfashi. Ki dube ni, Hajiya. Da Ɗayyaba ce a nan, za ki bari?"

Hajiya ta buɗe ido.

Dankure ya sake ɗaga hannu.

Ƙofar ta yi wata irin ƙara, sakatar ta yi tsalle ta faɗi tsakiyar ɗaki. Abdulƙudus ya faɗo ciki, Ɗayyaba a bayansa tana kuka da waya a hannu. Ita ta kira shi. Ya fizge dorinar ya yi jifa da ita waje, ya sa ƙafa ya ture kaskon, garwashi ya watse.

"Ku sake ta! Wallahi duk wadda tas sake taɓa ta sai na manta da girmanta!"

Matan suka ja gefe. Ɗayyaba ta kama Hanifa ta fito da ita tsakar gida, ta zaunar da ita ƙarƙashin dalbejiya, ta kawo ruwan randa tana shafa mata a fuska tana cewa, "Ki yafe mini, Anti, an hana ni faɗa." Hanifa tana ta tari, tana haɗiyar iska kamar wadda aka tsamo daga gulbi.

Abdulƙudus ya fito, mahaifiyarsa tana biye da shi tana dafa bango.

"Hajiya, kin ce magana za ku yi! Na ɗauko ɗiyar mutane da amana, na yi mata alkawari!"

"Kai ba ka gani ba? Ba ka ga yadda tay yi ba da hayaƙi yat taɓa ta?"

"Ko ni anka rufe da barkono haka zan yi! Ke ma ga shi kina tari!"

"Ni kake ɗaga wa murya?"

Ya juya wajen Hanifa.

"Tashi mu tahi."

"Abdulƙudus." Muryar Hajiya ta yi ƙasa, ta yi sanyi. "In ka sa ƙafa kab bi ta daga gidan ga, ban yahe maka ba."



Hanifa ta ga yadda ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Ta ga fuskarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Ya dubi uwarsa, ya dube ta, hawaye suna bin gemunsa. Ta san ba zai iya tafiya ba, ta kuma san ba zai iya cewa ta tafi ita kaɗai ba. Sai ta ɗauke masa.

Ta miƙe da ƙyar, ta gyara hijabinta.

"Zauna, Abdul. Kada ka ɗauki bakin uwa saboda ni."

Ta durƙusa a inda take.

"Hajiya, na bar ku lafiya."

Ta fita, bayanta yana zugi.

A ƙofar gida ta ga mota baƙa a inuwar katanga. Mansur ya fito daga ciki yana gyara agogo, ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Shigo, ƙanwata. Na san haka za ta faru, shi ya sa na biyo ku."

Ta tsaya tana kallonsa. Wa ya san za ta zo in ba mutanen gidansu ba? Wa ya san lambun?

"Yaya Mansur, kai ne."

Bai ko musa ba.

"Ni ne. Na bi ki na gani, na kuma sa an gaya musu. Don ki gane wa ke sonki da gaskiya. Ga shi nan, yana ciki ya laɓe bayan uwarsa. Ni kuwa ko da iska ko ba iska ina so. Ki bar aikin ga, ki bar yawon bakin ruwa, in ajiye ki a gida in sa miki na'urar sanyi. Hutu kike nema? Ga hutu."

"An dake ni da dorina."

Murmushinsa ya ɗan ragu.

"Ban ce su dake ki ba."

"Ka san gida ɗaya muke kwana, abinci ɗaya muke ci. Ka ga ranar da aka dawo da ni daga asibiti ba na iya tsayuwa. Wuri ɗaya na samu a duniya inda nake jin sauƙi, shi ka ɗauka ka yi mini makami da shi." Muryarta ta karye. "Ko maza sun ƙare, Yaya Mansur, ba zan shiga motar nan ba."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

"Tasha."

A tasha ta samu motar Birnin Kebbi saura mutum ɗaya ta cika. Ta shige kujerar baya ta jikin taga, ta jingina goshinta da gilas. Ba ta iya jingina bayanta. Hijabinta yana warin hayaƙi, matar da ke kusa da ita sai kallonta take tana toshe hanci.

Aka ƙwanƙwasa gilas ɗin.

Abdulƙudus ne, yana haki, ba hula, takalmin wanka a ƙafarsa. Ta sauke gilas.

"Me ka yi? Ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Ban bi ki daga gida ba, sai da ta shiga ɗaki na fito ta ƙofar baya. Hanifa, ki yafe mini. Na ce ba zan matsa ba, na matsa."

"Ba kai ka dake ni ba."

"Ni na kai ki." Ya riƙe bakin tagar da hannu biyu. "Abu ɗaya naz zo roƙo. Kada ki amsa wa kowa. Ki ba ni lokaci, zan shawo kanta."

"Har yaushe?"

Ya sauke idanunsa ƙasa.

Ta share hawayenta da gefen hijabi.

"Ina sonka, Abdul, Allah ya sani. Amma ka ji abin da zan yi. Gobe zan nemi hutu a wurin aiki, in sun hana in ajiye musu. Zan kwashe kayana daga gidan Gwaggo. Zan je Ambursa in kwanta a ɗakin mahaifiyata har sai na daina firgita in an rufe ƙofa. Kuma ba zan sake shiga inda za a kulle ni ba, ko don kai ne."

"Na yarda. Wallahi na yarda."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, ya kai kunne. Daga inda take Hanifa tana jin ihun Ɗayyaba.

"Yaya, ka zo! Hajiya ta faɗi! Ba ta motsi! Dankure yana gaya wa mutane wai abin da ke kan Anti Hanifa ne yab buge ta!"

Wayar ta kusa suɓuce masa. Ya dubi Hanifa da idanun da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

"Gudu," ta ce. "Abdul, gudu! Asibiti za ka kai ta, kada ka bari su sake yi mata hayaƙi!"

Ya juya ya ruga, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ɗauka ba.

Fasinjan ƙarshe ya shigo, direba ya tayar da mota. Hanifa ta ƙanƙame jakarta. In matar nan ta mutu, Argungu duka za su ce ita ce. Za a kai labarin Ambursa, za a kai Birnin Kebbi. Ba Abdulƙudus kaɗai za ta rasa ba, har sunanta. Kuma ko ba a ce komai ba, uwarsa ce. Tsohuwa mai hawan jini ta zauna cikin hayaƙin nan tana tari, don tana tsoron abin da zai sami jikokin da ba a haifa ba.

"Ya Allah, ka tashe ta," take faɗa a hankali. "Ya Allah, kada ka ɗauke ta yau."

Motar ta fita gari. Gidaje suka ragu, gonaki suka fara. Wayarta ta yi ƙara a cinyarta.

Sunansa ne.

Ta zuba wa wayar ido, ta kasa ɗauka. Kiran ya katse. Wayar ta sake ɗaukar ƙara.

"Baiwar Allah, ki ɗauka mana," in ji matar da ke kusa da ita.

Ta danna, ta kai kunne.

"Hanifa." Muryarsa a dishe. "Muna asibiti. Ta farfaɗo."

Ta saki wani kuka mai haɗe da hamdala, ta rufe bakinta da hannu.

"Saurara, ba shi ke nan ba. Tun da ta buɗe ido ba ta kira ni ba, ba ta kira Ɗayyaba ba. Ke take kira. Ta ce a kawo mata ke yanzu."

"Me za ta ce mini?"

"Ban sani ba. Na tambaye ta, ta ƙi faɗa. Ba zan ce ki zo ba, Hanifa, ba ni da bakin cewa haka yau. Na dai gaya miki."

Ta dubi titin da ya miƙe zuwa Birnin Kebbi. Ta waiga ta dubi Argungu ta gilashin baya. Bayanta yana zugi.

"Akwai mutane a ɗakin?"

"Ma'aikatan jinya suna nan. Ƙofa a buɗe take."

Hanifa ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar kujerar direba.

"Malam, don Allah tsaya. Zan sauka a nan."